Gwajin fitsari ga kowa, ko hana mai alama taɓa inji? Kwamiti zai zauna Alhamis

Malamin Walda:
Assalamu alaikum. Sashen walda ne a wata kwalejin fasaha, ɗalibai 64. An kama biyu da tiramol a aljihun kayan aiki. Zaɓi biyu ne a gaban kwamiti: a yi wa kowa gwajin fitsari duk zango, wanda aka samu a kore shi, ko a ba malami ikon hana duk wanda aka ga alama a jikinsa taɓa inji, a gwada shi kaɗai. Kuɗin da ke hannu shi ne na sayen tabarau da safar hannu. Wanne za mu ɗauka?

Baba Mai Giranda:
Wa alaikumus salam. A kore su, Malam. Ƙaramar giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, tana juyi sama da sau 10,000 a minti. Tiramol yana kawo jiri, idan aka sha da yawa har farfaɗiya yake tayarwa. Yaro ya zube da inji a kunne, na kusa da shi ne zai kwana a asibiti.

Anti ta Ɗakin Gwaji:
Baba, ba tambayarsa ke nan ba. Malam, kafin ku sayi tsinken gwajin ku karanta jikin kwali. Tsinken da ke kama kodin da mofin ba ya kama tiramol, sai an sa masa layinsa daban. Sholisho kuwa ba ya fitowa sam. Wiwi yakan daɗe a fitsarin mai sha kullum har kusan wata guda, tiramol da kodin kwana biyu zuwa huɗu. Wato gwajin yana gaya maka abin da aka sha a baya, ba ya gaya maka ko yaro a buge yake da safen nan. Kuma sakamakon tsinke na farko ne kawai, sai babban ɗakin gwaji ya tabbatar. Layi biyu a tsinke na nufin babu ƙwaya, layi ɗaya akwai. Da yawa suna karantawa a juye kamar gwajin ciki.

Ɗan Kasuwar Magani:
Tsinke mai gwada ƙwaya iri biyar naira 2,500 ne idan kwali za a ɗauka.

Anti ta Ɗakin Gwaji:
Wannan ko dai ya kusa lalacewa ko babu tiramol a ciki. Mai kyau bai gaza 6,000 ba.

Injiniya Lantarki:
Ni 4,000 na ji. Ko a hakan ma, ku ninka sau 64, sau zango uku.

Sarkin Zolaya:
A gwada malamai tukuna. Akwai wanda idan bai ci goro ba hannunsa rawa yake kamar yana kaɗa kalangu.

Tsohon Fomal:
Ku bar wasa. A wata makaranta, ba zan kama suna ba, an cire murfin ƙaramar giranda aka ɗaura mata babban faifai na milimita 230 saboda ƙananan sun ƙare a sito. Wannan faifan iyakarsa wajen juyi 6,600 ne, injin kuma ya kusa ninka haka. Ya tarwatse, ɓaraguzai suka tafi da idon yaro na hagu. Babu tabarau a fuskarsa, domin guda uku ne a ɗakin gaba ɗaya. Me aka rubuta a rahoto? Ana zargin yana shaye-shaye. Ba a gwada shi ba, ba a tambayi wanda ya cire murfin ba. Uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta biya asibiti, yaron kuma ya bar karatu da tabon ɗan ƙwaya a unguwa. Yanzu ga ku za ku kwashe kuɗin tabarau ku sayi tsinke.

Baba Mai Giranda:
Allah ya isar masa. Faifan ma yana da ranar lalacewa a zoben tsakiya, shekara uku ce, ba mai dubawa.

Injiniya Lantarki:
Labari ɗaya ba ya zama doka, Fomal. Malam, ka ɗauki na biyu amma a rubuce: jan ido, layi, maganar da ke sarƙewa, gyangyaɗi. Malamai biyu su gani su sa hannu, a fitar da yaro daga ɗakin aiki ranar, a kira waliyyinsa. A ƙara da cewa duk mai shan maganin asibiti ya faɗa kafin a kunna inji, don Piriton ma barci yake sawa.

Anti ta Ɗakin Gwaji:
Jan ido a sashen walda? Hasken walda yana ƙona ido, zafin kan taso bayan awa shida zuwa sha biyu. Rabin ajin za ku kora.

Injiniya Lantarki:
Anti, da girmamawa, ke kwalba kike gani, mu yara muke gani.

Anti ta Ɗakin Gwaji:
Shi ya sa kuke korar masu mura. Kodin an hana shi a maganin tari tun 2018, amma tiramol mai miligiram 50 da 100 likita na rubutawa. Ku nemi takardar asibiti kafin hukunci. Wanda ya kamu da gaske a haɗa shi da masu ba da shawara na NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Kora tasha kawai take tura shi.

Tsohon Fomal:
Dokar shaye-shaye shafi huɗu, dokar tukunyar gas babu ko layi. Je ka duba: akwai abin tare wuta a bakin tiyon gas ɗinku? Ana taɓa kan tukunyar iskar oksijin da hannu mai maiƙo? Gilashin walda lamba 10 zuwa sama ne, ko baƙin tabarau na kasuwa?

Malamin Walda:
Na gode, amma har yanzu ban ji wanda zan kai wa kwamiti ba.

Baba Mai Giranda:
Tukunyar kashe gobara fa? Allurarta na kan kore? Yawanci sai masu tantancewa za su zo ake aro daga maƙwabta, su juya baya a mayar.

Sarkin Zolaya:
Tamu tun tana ja har ta koma ruwan ƙasa. Ƙofa muke tokarewa da ita.