Katin kyauta ga malaman yara: wanne kuka saba bayarwa?

Maman 'Yan Biyu (Maryland): Salamu alaikum jama'a. Makon karrama malamai ya matso, wanda ake yi a farkon Mayu, ga yara sun dame ni. Katin Starbucks na yi niyyar saya, malamarsu ta riƙa shan kofi lokacin da ba ta da aji. Ku da kuka riga mu zama a Amurka, me kuke bayarwa?

Malama (Ohio): Wa alaikumus salam. Wane kofi kuma, 'yar uwa? A firamare nake koyarwa. Da na raka yara wurin malamin motsa jiki, sai in ruga layin injin kwafi, in amsa saƙonnin iyaye, in duba aikin gida. In na ci sa'a in shimfiɗa darduma tsakanin kabad da tebur in yi azahar. Ranar da wani malami bai zo ba kuwa, ajinsa za a tura ka, shi ke nan lokacin ya tafi. Ki ba ta katin Amazon ko na babban kantin nan Target. Fensir, tishu, alƙalamin allo, yawanci daga aljihunmu suke fita. Abin ya kai a 2025 hukumar haraji ta yarda malami ya cire har dala 300 na irin wannan sayayya daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai.

Baban Abba (Boston): Hajiya, ki fara duba dokar jiharku. A nan Massachusetts, malamin makarantar gwamnati ba ya karɓar kyautar da ta kai dala 50 daga mutum ɗaya. Mu karo-karo muka yi da sunan aji, an yarda har 150 muddin ba a faɗi waɗanda suka bayar ba.

Anti (Texas): Na Visa na saya bara, a kanti suka ƙara kuɗin buɗe kati a kai. Gara kuɗin nan su shiga hannun malama.

Malam (Kano): Ikon Allah! Mu nan ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, in yaro ya kawo maka katin waya, ai ka gode. Amma zancen Malama haka yake, ɗakin malamai cike yake da masu makin jarabawa.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Target zan saya. Malama, dala 25 bai yi kaɗan ba?

Malama: Ko kusa. Ki dai sa yaran su rubuta mata 'yar takarda da hannunsu.