Me ya sa ninka ƙarfin asid bai ƙara saurin gwajin sodium thiosulfate ba?

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wannan.

Gwajin nan ne da ake ɗora kwalba kan takarda mai alamar X, a zuba ruwan sinadarin thiosulfate mai ƙarfin 0.15 M (M ma'aunin yawan sinadari ne a cikin lita ɗaya), mililita 50, a ƙara asid na HCl mililita 5, a auna daƙiƙoƙin da salfa, sinadarin da ke fita daga haɗin, zai ɗauka ya gurɓata ruwan har alamar ta ɓace. Idan aka tsarma thiosulfate da ruwa rabi da rabi, ba tare da jimillar ta wuce mililita 50 ba, lokacin yakan kusan ninkawa. Wannan ba gardama: ƙwayoyin thiosulfate sun ragu, karonsu da juna ya ragu.

Asid ɗin ne ya ɗaure mini kai. Daga 1 M zuwa 2 M, bambancin lokacin ɗan kaɗan ne, alhali zafin yana 25°C kuma kwalbar ɗaya ce. Ba za a ce asid ya yi yawa ba: milimol (ma'aunin adadin sinadari) 7.5 na thiosulfate yana buƙatar 15 na HCl, amma ko a 2 M, 10 kawai aka zuba.

Shin matakin da ya fi jinkiri a cikin haɗuwar sinadaran ne bai dogara da asid sosai ba, ko kuwa auna lokaci da ido ne ke ɓoye bambancin? Har ƙasa nawa zan rage ƙarfin asid kafin tasirinsa ya fito fili?