Ko dikodar da ke gidajenmu za ta iya karɓar shiri a rarrabe?

Ɗalibin aikin jarida, Samaru:
Assalamu alaikum. Malamai, an yi mana bayanin wani tsari da gidan talabijin ke aiko da shiri a rarrabe, wato a wasan ƙwallo misali, muryar mai sharhi daban, ihun 'yan kallo daban, rubutun ƙasan allo daban, sannan na'urar mai kallo ta harhaɗa su yadda yake so. Tunda an ƙaddamar da talabijin na dijital a Kaduna a Disamban 2017, me ya hana mu cin moriyar wannan?

Injiniya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. DVB-T2 da Najeriya ta ɗauka, wanda aka fara da shi a Jos a 2016, ƙa'ida ce ta yadda sigina ke tashi daga hasumiya zuwa eriya, ba ruwanta da yadda aka tsara sautin da ke ciki. Wanda kake magana a kai yana buƙatar kowace murya ta zo da bayanin da ke nuna ko mece ce ita, ƙarfinta nawa, da kuma iyakar yadda mai kallo zai iya ɗaga ta ko rage ta. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara hanyar rubuta wannan bayani a ƙa'idar BS.2076, su kuma tsare-tsaren aika sauti da ake kira MPEG-H da Dolby AC-4 ke kai sautin har gida. Koriya ta Kudu ta fara watsa shirye-shirye da MPEG-H tun 2017. Amma dikodar da ba a ƙera ta da sanin waɗannan ba, ko an aiko mata, hoto kawai za ta nuna, sauti shiru.

Mai gyaran talabijin, Sabon Gari:
Injiniya, a gafarce ni. Dikodojin da ake kawo mini gyara suna da madannin sauya harshe a jikin rimot, in dai tashar ta aiko da murya fiye da ɗaya. Ashe ba shi ke nan ba?

Injiniya, Tudun Wada:
Malam, wancan cikakken sauti ne guda biyu da aka gama gaurayawa tun daga situdiyo, zaɓi kawai kake yi tsakaninsu. A sabon tsarin kuwa, sau ɗaya ake aiko da hayaniyar fili, a ɗora sharhin Hausa ko na Fulatanci a kai, don haka ba a cin wuri sosai.

Malama mai koyar da nakasassu, Kongo:
Ni abin da ya fi jan hankalina ba ƙwallo ba ne. Dattijon da jinsa ya yi rauni, wanda kiɗan da ke bayan wasan kwaikwayo ke danne masa maganar 'yan wasa, zai iya rage kiɗan ya ɗaga murya ba tare da ya cika gida da ƙara ba. Makaho kuma a ƙara masa muryar da ke bayyana abin da ke faruwa a allo. A ganina, kamata ya yi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sa wannan cikin sharuɗɗan dikodojin da za a shigo da su nan gaba, tun kafin gidajen talabijin su fara sauya kayan situdiyo.