Takobin da ke cikin Romawa 13 ya haɗa da bam ɗin nukiliya?

Malamin Matasa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni ke jagorantar binciken Littafi na matasa a cocinmu kowace Laraba da yamma. Makon jiya muna kan Ishaya 2:4, inda za a mai da takuba su zama garmuna, sai wani yaro mai karatun injiniya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai Romawa 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. To me ya sa ake cewa Kirista ya goyi bayan kawar da makaman nukiliya? Ba takobin zamani ba ne?" Na yi ta kame-kame har lokaci ya ƙure, muka rufe da addu'a. Zuciyata ta ƙi makamin nan, amma bakina ya kasa faɗin dalili. Ku taimaka mini kafin Laraba.

Tsohon Soja:
Malam, yaron nan bai yi wauta ba. Ukraine ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bayan yarjejeniyar Budapest ta 1994, aka yi mata alkawarin mutunta iyakokinta. Kowa ya ga abin da Rasha ta yi mata a 2014 da 2022. Gaddafi ya ajiye nasa shirin a 2003, a 2011 aka kashe shi. Na riƙe bindiga shekaru da yawa, ban taɓa jin ta raba ni da Ubangijina ba. A kawar da su, na yarda, amma wa zai fara ajiyewa?

Mamar Zumunta:
Baba, da girmamawa, bindigar da ka riƙe tana da saiti, kana ganin wanda ke gabanka. Takobin Romawa 13 na hukunta mai laifi ne. Bam ɗin nan bai san mai laifi ba.

Ni 'yar Katolika ce, kuma labarin Nagasaki ne ya tsaya mini a rai. A unguwar Urakami akwai Kiristocin da suka ɓoye bangaskiyarsu fiye da shekara 200 saboda tsanani, ba firist, ba majami'a, su da kansu ke yi wa 'ya'yansu baftisma a asirce. Da aka sakar musu mara a 1873, suka yi shekaru suna tara kuɗi da ɗaukar bulo har suka gina babbar majami'a. Ranar 9 ga Agusta 1945, da misalin ƙarfe 11 na safe, bam ya fashe kamar mita 500 daga ita. Cikin Katolika wajen 12,000 na yankin, kimanin 8,500 suka mutu. Wani likita, Takashi Nagai, ya koma gidansa ya tarar da ƙasusuwan matarsa Midori cikin toka, ga narkakken rosarinta, wato carbin addu'arta, a gefe. Matuƙin jirgin da ya kai bam ɗin, Charles Sweeney, shi ma Katolika ne. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Shi ya sa da Fafaroma Francis ya je Hiroshima a Nuwamba 2019 ya ce mallakar makamin ma ya saɓa wa ɗa'a, ba amfani da shi kaɗai ba. Don ba ya tsorata kowa sai in ka riga ka ƙudura a ranka cewa za ka iya ƙona garin da ke cike da jarirai.

Malam, ka buɗe wa yaran Farawa 18, inda Ibrahim ke roƙo kada a hallaka mai adalci tare da mugu a Saduma. Sai Yunusa 4:11: Allah ya ji tausayin Nineba saboda mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, har dabbobinsu ya ambata.

Kakan Yara:
'Yata ta gama magana, tunawa kawai zan ƙara. Ina firamare a 1960 lokacin da Faransa ta gwada bam ɗinta a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Mutane suka shiga fargabar cewa iskar hunturu za ta kawo mana gubar. Bayan gwaji na uku, a Janairu 1961 gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, muna da wata uku kacal da samun 'yanci.

Tambayarka kuma, Soja, an riga an fara. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta wargaza su da hannunta. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta makaman ranar 6 ga Agusta 2020, shekara 75 cif bayan Hiroshima. Gaskiya ne babu ko ɗaya cikin ƙasashe tara masu makamin da ta sa hannu, wannan kuwa yana ci mini rai.

Malamin Matasa:
Na gode Baba, na gode Mama, na gode Kaka. Da Farawa 18 zan fara, in sa yaron da kansa ya karanta ta kusa da Romawa 13. Maganar Ukraine ma ba zan ɓoye musu ba. Baba, in akwai hali ka zo ranar Laraba ƙarfe biyar, su ji ta daga bakinka.