Lambar da kwamfuta ke nuna wa fata: a yarda da ita ko a auna?

Ɗalibin fiziks: Assalamu alaikum manyanmu. Jiya na sake lissafa tsarin gashin radiyo (maganin daji da hasken radiyeshan) na wata mai dajin mama a Eclipse, manhajar tsara wannan magani. Ban taɓa komai ba sai ragar lissafi, wato girman gidajen da kwamfuta ke raba jiki a kai, daga 2.5 mm na mayar da ita 1 mm. Dos ɗin fata, wato adadin hasken da take samu, ya canza, na can ciki kuwa da ƙyar ya motsa. Ni a ganina mu koma 1 mm kawai, magana ta ƙare.

Babban masanin fiziks: Wa alaikumus salam. Ba ta ƙare ba, ƙanena. Zurfin da ICRP, hukumar duniya ta kariya daga radiyeshan, ta ɗauka a matsayin fata 0.07 mm ne, gidan ragarka ɗaya ya ninka shi sau 14. Gidan da ke bakin jiki kuma wani ɓangarensa iska ne, wani nama, sai kwamfuta ta gauraya su ta ba ka lamba ɗaya. Ga shi dos ɗin haske mai ƙarfin 6 MV ba ya kai ƙololuwa sai ya shiga kusan 1.5 cm, a milimitocin farko hawa yake da gudu. Kuskuren rabin milimita a wajen ba ƙarami ba ne.

Ɗalibi: Amma Malam, ai 1 mm ta fi kusa da gaskiya.

Babban masani: Ta fi, ban musa ba. Sai dai ba ita kaɗai ke wasa da lambar ba. Eclipse ba ya lissafi a wajen layin jikin da aka zana. Faɗaɗa layin ya shiga iska, ko ka bar hanyar lissafi ta AAA ka koma ta Acuros XB, ka ga in lambar za ta tsaya. Injin kuwa abin da zai harba bai san ka canza ba, in dai MU, ma'aunin yawan hasken da yake fitarwa, na nan yadda suke.

Likitar daji: Ku yi haƙuri in shigo. Ni fatar nake gani a mako na uku zuwa na huɗu, ta yi duhu, wani lokaci ta saɓule a hammata. Bolos, wato shimfiɗa mai kama da nama, na 0.5 cm da muke ɗorawa a kan fata bayan an cire mama ya fi ragarku tasiri nesa ba kusa ba.

Mai kula da inji: Gaskiya ne Dakta, kuma a kwamfuta bolos kwance yake lif. A kan tabon tiyata sai ka ga iska a ƙarƙashinsa, mu ke fama da filasta kullum.

Ɗalibi: To ke nan a bar 2.5 mm?

Babban masani: A wuya da ƙirji, inda fata ke cikin abin da ake son gasawa, ka yi 1 mm ɗinka, ka haƙura da jiran lissafi. Amma gobe ka yanko fim ɗin auna dos na EBT3 ka ɗora a kan fantom, wato jikin gwaji, mu gwada da abin da allo ya faɗa.

Likita: Ku turo min sakamakon kafin in sa hannu a tsarin.