Kai motar kwaikwayo ta zamanin da filin baje koli: mi ya kamata a shirya?

Mai Walda:
Assalamu alaikum, iyayen gida. An gama haɗa motar kwaikwayo irin wadda Henry Ford ya fito da ita a 1896: ƙafa huɗu, sanda a madadin sitiyari. Firam ɗinta na fayif ne, jikinta katakon madaci, tayoyin kuma na keke, inci 26. Injin irin na ban-ruwa ne mai ƙarfin doki 6.5, da kuloci mai kama kansa. Cen, wato sarƙa, biyu ne: na farko haƙora 10 zuwa 60, na biyu 24 zuwa 60. Niyyar ita ce a kai ta filin baje koli na nan Sakkwato, a zagaya da ita cikin jama'a. Matsalar ita ce in aka tafi a hankali minti goma, sai kuloci ya yi hayaƙi har ƙarfen ya yi shuɗi. Mi ya jawo haka, kuma mi ya rage a shirya?

Injiniya Tsoho:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuloci bai da laifi, lissafin giyarka ne. Irin wanga kuloci ba ya kamawa sosai sai inji ya kai wajen juyi 2000 a minti. Cen na farko na rage gudu sau 6 (60 a raba da 10), na biyu sau 2.5 (60 a raba da 24). Ragin gudunka 6 sau 2.5 ne, wato 15. Tayar inci 26 tana cin kusan mita 2.07 a juyi ɗaya. Raba 2000 da 15, taya na juyi 133 a minti, kimanin kilomita 16 a awa ke nan kafin kuloci ya daina sulɓi. Mutum kuwa kilomita 5 yake yi a ƙafa. Duk lokacin da kake bin taro a hankali, gugar kansa kawai yake yi, shi ya sa ya ƙone.

Cire faifai mai haƙora 24, sa mai 12. Ragin ya koma 30, ƙarshen gudu ya tsaya wajen kilomita 15 a awa in inji na juyi 3600, kuma ya ishe ka. Ko motar Benz ta 1886 mai ƙafa uku ba ta wuce kilomita 16 ba. Amma ko da hakan kuloci zai kama ne a kilomita 8, akwai sauran sulɓi. Shawarata ka rabu da shi baki ɗaya, ka sa bel da fuli biyu masu girman da zai ba ka ragin 6 ɗin nan, da ƙaramin fuli na uku a kan liba. In ka ja libar, bel ya ɗame, mota ta tafi. In ka sake, ta tsaya. Da inji a silo, wato ba a ba shi wuta ba, juyi 1400, za ka samu kusan kilomita 6 a awa ba tare da wani abu ya yi zafi ba. Su ma motocin farkon da bel suka yi aiki, don haka ka ma ƙara kusantar asali. Ka walda ƙananan sanduna biyu kusa da fulin inji don su ɗaga bel ɗin idan an sake shi, in ba haka ba zai riƙa jan motar kaɗan-kaɗan ko kana tsaye.

Bakaniken Babura:
Ranka ya daɗe Injiniya, ka gama da gudu, bari in taɓa ƙafa da birki. Tayar keke an yi ta ne don abin da ke kwantawa a kwana. Mota ba ta kwantawa, nauyin sai ya bugi wili ta gefe, ya lanƙwashe kamar faifai, musamman da mutum biyu a sama. Ga rairayin filayenmu, siririyar taya nutsewa take. Nemi wilin babur mai sifok, inci 18, guda huɗu. Yana zuwa da boris da birkinsa, ka haɗa birkin baya biyu a feda ɗaya, ka daidaita su su kama tare. Taya ɗaya kawai za ka ba cen, ɗayar ta bi. In ka ɗaure su a shaf ɗaya motar za ta ƙi kwana, ta riƙa tura gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne cen da bel a buɗe. Mutanenmu da babbar riga suke zuwa taro, mata da hijabi har ƙasa, yara kuma hannunsu ba ya zama. Lankwasa faranti ka rufe su duka, ka ɗaure da noti huɗu yadda za ka iya cirewa. Salansar hayaƙi ma a yi mata raga da tazarar yatsa biyu. Sannan makunni na kashe inji ya zama a kan sandar tuƙi, inda babban yatsa zai kai ba sai ka duƙa ba. In taron akwai dawaki, kada ka tayar da inji kusa da su, a tura ta da hannu har a wuce.

Malamin Fasaha:
Malam, wagga mota ba ta da lamba, kada ta hau titi. A ɗora ta a a-kori-kura da katako biyu masu tsawon mita 3, mutum uku su tura, ba da inji ba. Ɗaure ta daga ƙarfen ƙafafu, kada igiya ta bi ta jikin katako. Kafin a tashi rufe makullin fetur, ka bar inji ya shanye na kafireta ya mutu da kansa. Girgizar hanya na sa fetur ya zarce cikin baƙin mai. Baƙin man kuma a cika shi daidai, lita 0.6, don yawancin injinan nan suna kashe kansu in mai ya yi ƙasa ko sun karkata.

Iskar hunturu na tsotse katako, notin da ka ɗaure jiya yau sai ka ji yana wasa. Bi su da sifana da safiyar ranar. Soson tace iska a wanke, a shafa masa mai kaɗan a matse. A wurin nuni kafa sanduna huɗu da igiya, taku biyu daga motar, a sa dutse gaba da bayan taya, a zare wayar fulogi, tulun kashe gobara na kilo 2 a gefe. In fatar Sakkwato ka yi wa kujera, rufe ta da farin zane, rana na iya sa ta gagari zama.

Ka rubuta allo da Hausa: kwaikwayo ce, an ƙera ta a Sakkwato, ta asalin an yi ta a Amurka a 1896. Za a tambaye ka ko ta Turawan mulki ce, kuma gaskiyar cewa hannun ɗan gari ne ya yi ta ita ta fi jan yara.

Mai Walda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, in na koma wilin babur, lissafin ya canza?

Injiniya Tsoho:
Kaɗan. Da tayar 2.75-18 juyi ɗaya kusan mita 1.9 ne, ƙarshen gudu ya sauka wajen kilomita 13 da rabi, silo kuma 5 da ɗan abu. Bar haƙoran yadda na ce. Kafin ranar, gwada ta rabin awa a rairayi da buhun kilo 50 biyu a kujera, ka taɓa boris da fuli da bayan hannu. Wanda ba ka iya riƙewa, shi za ka kwance.