Baƙi na tafe Legas: ina zan kai su ban da bakin teku?

Bakatsine a Agege: Salamu alaikum. Yayana da iyalinsa za su zo mana hutu. Bakin teku da manyan kantuna duk sun gani a zuwansu na baya. Don Allah waɗanda suka daɗe a garin nan, wane wuri kuka taɓa zuwa da ba kowa ya san shi ba? Akwai yara a tafiyar.

Dattijon Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da gidan tarihi na Onikan. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a ajiye, baƙar Marsandi, ramukan harsashi duk a jikinta. Ina Ikko lokacin da abin ya faru, amma sai da na tsufa na je na gan ta. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Yaran nan hotonsa kawai suka sani a jikin naira ashirin, ka kai su su gani da idonsu. Allah Ya jiƙansa.

Maman 'Yan Biyu: Amin, Baba. In kun fito daga nan, ku ƙarasa titin Martins ku yi azahar a masallacin Shitta-Bey. Tun 1894 aka buɗe shi, kuma maginin daga cikin mutanen da suka dawo daga Barazil ne, shi ya sa fuskar ginin ba ta yi kama da masallatanmu ba. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne ya ba mai masallacin sarautar Bey. Sai dai wurin kasuwa ne, cinkoso ba a magana. Ku riƙe hannun yara gam.

Direban Tirela, Apapa: Ni unguwar Makoko ce ta ɗaure min kai. Shekara da shekaru ina hangen ta daga gadar Third Mainland, hayaƙi na tashi, sai da wani abokina mai sarin busasshen kifi ya shiga da ni. Gidaje a kan turakun katako cikin ruwa, mai sayar da tumatir a kwalekwale take tallarta, yaro ɗan shekara bakwai yana tuƙi kamar yadda namu ke kora jaki. Yawancinsu masunta ne 'yan ƙabilar Egun. Amma gaskiya ruwan baƙi ƙirin ne, ga wari, kuma ba a shiga sai da ɗan gari. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar mutane hoto ba izini, ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Maman 'Yan Biyu: Malam direba, da yara fa zai je. Makoko a kwalekwale ba rigar kariya? A'a wallahi. Gara dajin Lekki Conservation Centre. Akwai gadar igiya a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Na hau, na kai tsakiya ta fara lilo, babu addu'ar da ban karanta ba. Ƙananan yara ba a barinsu su hau, amma birai sun ishe su kallo. Ku ɓoye abinci a jaka, ɗaya ya fizge mana ayaba a hannu.

Malamin Makaranta, Ojo: In za ku iya sammako, ku ba Badagry yini guda. Akwai benen da mishan suka gina a 1845, akwai sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su, har ana ba mutum ya ɗaga ya ji nauyinsu. Daga nan a tsallaka da ku tsibirin Gberefu, ku taka da ƙafa har bakin teku inda ake loda su a jirgi. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan zuwa Bahia ta ƙasar Barazil akwai Hausawa da yawa, har sun yi bore a can a farkon ƙarni na 19. Ɗalibaina da na kai, hayaniyarsu ta mutu tun kafin mu kai rabin hanya.

Bakatsine a Agege: Na gode ƙwarai. Onikan da masallaci rana ɗaya, Lekki wata ranar. Badagry fa, Malam, yaya hanyar take yanzu?

Malamin Makaranta, Ojo: Ta danganta da lokacin fitarka. Ku tashi da an sallame asuba, ku juyo kafin la'asar, in ba haka ba gosulo zai cinye muku dare. Ku tafi da ruwan sha da hula, tafiyar Gberefu ba inuwa.